Baba Mai Katafilar Ruwa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranar da aka rubuta masa. Ta Baba ta zo ranar wata Talata da hantsi, farkon daminar nan, lokacin da mutanen Gummi suka duƙufa gyaran fadama.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina koyarwa a wata firamare, kuma a nan cikin gari nake aure, saboda haka ni aka bar wa karɓar baƙi mata. Kwana ukun nan na zaman makoki ban iya zama ba. In na zauna kusa da Inna, mahaifiyarmu, sai in miƙe in duba ko an kai ruwa zaure. In na isa bakin zaure sai in tsaya, na manta abin da ya taso ni. Wata tsohuwar ƙawar Inna ta kama gefen mayafina ta ce, "Zamna, ɗiyata. Halin nai kinka ɗauko, ke ma ba ki iya zama wuri guda."

Mutanen Anka da Bukkuyum sammako suke yi, su yi addu'a suna satar kallon rana, domin kowa yana so ya koma gida da sauran haske. Hanya ba ta da tabbas a 'yan shekarun nan. Masunta sun zo a tare, laka har ƙwauri, suka ƙi hawa tabarma kada su ɓata ta, suka tsuguna a ƙasa suka shafa fatiha. Matan Fulani sun shigo da ƙoren nono suka jera gaban Inna. Babbarsu ta dafa kafaɗarta tana ta cewa, "Munyal, munyal," wato a yi haƙuri. Wata mata daga shiyyar gangare, unguwar da ke dab da fadama, ta fi mu kuka mu 'ya'yan gida. Tana share hanci tana faɗi, wai ɗakin da take kwana yau albarkacin Baba yake tsaye. Wata kuma daga bayanta, ba ta san na ji ba, ta ce a hankali, "Ai ba kowa yaj ji daɗin aikin nai ba."

Inna dai ba ta yi kuka gaban mutane ba. Tana jan carbi, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta amsa, ta ƙara da magana ɗaya: "Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa ganin mutumin nan kwance da rana ba, sai wagga jinya."

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda kowa ke kiransa. Ba wanda ya kama sunansa. "Mai katafilar ruwa" kawai ake cewa. Na ji tsoron nan da 'yan shekaru a riƙa tuna injin a manta mutumin. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kafin ta ruwa, Baba ya daɗe yana tuƙa katafilar tudu, irin mai dogon hannu da bokiti a baki, wadda ke haƙa rami a aikin hanya. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a Yargalma, yana cikin waɗanda aka kira suka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, suka haƙa manyan ramuka aka binne ta. Ya dawo daga can ya rame, kuma ba ya son a ta da zancen. Sau ɗaya na ji ya ce wa Inna, "Ƙasar nan in kin gan ta ba ki cewa akwai komi cikinta. Ita ko tak kashe ɗiyan mutane."

Fadamarmu kuwa a lokacin ta cushe. Hanyoyin ruwa sun cika da yashi da laka da ciyawa. Da damina ruwa ya rasa inda zai bi, sai ya kwanta a gonaki ya leƙo gidaje. Da rani kuma masu noman rani su yi ta hangen ruwa daga nesa. An taɓa shigar da katafilar tudu don ta buɗe hanya, laka ta haɗiye ta har ƙofar direba, ta yi wata da watanni a nan, balbelu suna hutawa a kanta. Bayan haka ne wani ɗan kwangila ya kawo ta ruwan, a tirela biyu, gunduwa-gunduwa, domin faɗinta ya fi ƙarfin titi. A bakin gulbi aka harhaɗa ta. Ranar da ta gangara cikin ruwa mutane suka yi ta salati, ana jira ta nutse. Ba ta nutse ba. Kafin la'asar an raɗa mata suna Agwagwa. Baba aka ba tuƙinta, don ba wani direba da ya yarda ya hau.

Ni da nake koya wa yara kimiyya a aji, na ji kunyar cewa ban gane yadda ƙarfe mai wannan nauyi zai tsaya bisa ruwa ba. Wata Juma'a da yamma na daure na tambaye shi. Sai ya jawo bahon ruwan da Inna ta tara don wanki. Ya jefa cokali, cokali ya nutse. Ya ɗauko gwangwanayen madara biyu marasa komai, ya danne murafensu, ya kwantar da su kan ruwan, ya gitta guntun katako, ya ɗora dutsen guga.

"To ga ta nan," in ji shi. "Ƙahwahunta tankuna biyu na, dogaye, awa jiragen masunta anka ruhe bisa. Iska ka ciki. Kowane tanki an raba shi ɗaki-ɗaki, in guda ya huje sauran na riƙe ta. Sarƙa ta zagaye kowane, da haƙora masu hwaɗi, su ka tura laka baya ita ta yi gaba."

Na ce, "To laka fa, Baba? Me ya hana ta shigewa kamar waccan?"

Ya ja ni bakin rijiya inda ƙasa ta jiƙe, ya ce in taka da diddige. Ƙafata ta lume. Ya waiwaya, ya zaro faifan Inna daga kan tukunya, ya shimfiɗa a lakar, ya ce in sake takawa. Ban lume ba.

"Nauyinki bai rage ba," ya ce. "Shimhiɗa shi anka yi."

Inna ta fito daga madafa ta ga faifanta cikin laka, ruwan wankinta kuma da dutsen guga a ciki. Ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, in kun ƙare makarantar, sai ku biya ni hwaihwaina." Baba ya yi dariya har da tari. Kafin ta sake magana ya riga ya kai zaure.

Sauran bayanin daga baya na tsinta, kaɗan-kaɗan, yana tsaye yana cin tuwo, don Baba bai iya cin abinci a zaune ba. A laka da ruwa mara zurfi, Agwagwa tafiya take yi da sarƙarta, a hankali, har mai tafiya a ƙasa yana iya wuce ta. In ruwa ya yi zurfi sarƙa ta daina taɓa ƙasa, sai ta tashi ta yi iyo. A nan hannunta ne ƙafarta: direba ya miƙa bokiti gaba, ya kafa shi a ƙasan ruwa, ya jawo, ita kuma ta matsa. In za ta yi haƙa a irin wannan wuri, akwai dogayen turakun ƙarfe a gefenta da ake kafawa cikin ƙasa su riƙe ta. Abin da Baba ya fi tsoro shi ne a ciko bokiti da laka a juya shi gefe da sauri alhali tana iyo. Ya ce nan take za ta kife, kuma direba ba ya samun ko damar buɗe ƙofa. In yana wannan zance Inna takan tashi ta bar wurin.

Kullum bayan sallar asuba yana bakin gulbi. Kafin ya ta da inji sai ya ɗauki sifana ya bi tankunan nan ɗaki-ɗaki yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da ƙarfe. Ɗakin da ke lafiya amsawa yake yi tar. Wanda ruwa ya shiga kuwa muryarsa a toshe take. In ya ji abin da bai gamsu da shi ba, sai an kwance murfi an leƙa, ko da injiniya yana tsaye yana duba agogo. Daga nan ya bi sarƙa da giris, ya cire ciyawar da ta naɗe.

Yana da aboki, wani tsohon masunci wanda ya san fadamar kamar tsakar gidansa. Ba ya shigar da Agwagwa sabon wuri sai su biyu sun riga ta a jirgi, masuncin yana tuƙi, Baba yana soka gora yana jin ƙasa: nan yashi, nan laka, nan rami, nan kututture. Wani injiniya ya taɓa buɗe masa taswira ya ce ba sai an yi wannan wahala ba, an riga an auna komai. Baba ya duba takardar da kyau, ya miƙa masa, ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga takarda gulbin bara ta sani. Ni ko na bana za ni shiga."

Wata rana tiyon mai ya fashe suna tsakar aiki, mai ya bazu kan ruwa yana sheƙi. Baba ya kashe inji nan take. Shi da masuncin suka ɗaure dammunan ciyawa suka kewaye wurin, suka yi ta tsane man da tsofaffin buhuna suna fitarwa tudu. Kwana biyu aiki a tsaye. Ɗan kwangila ya yi ta faɗa a waya, wai ɗan wannan mai gulbi zai wanke. Baba ya ce masa, "Ƙasa da mu kaɗan mata na ɗibar ruwa. In kana so a ci gaba hakanan, zo ka hau da kanka."

Kada in sa shi ya zama waliyyi. Wannan rashin zama nasa ya sha ƙona mana rai. Ranar ɗaurin aurena, ana shafa fatiha hadari ya haɗo daga gabas. Aka nemi uban amarya don a yi masa barka, babu shi. Ya tafi ya ƙara wa Agwagwa igiya, kada ruwa ya ƙaru ya ja ta. Sai magariba ya dawo, babbar rigarsa ta biki a jiƙe har gwiwa. Na yi mako guda ban kalle shi ba. Da ya zo ganin ɗakina bai ba ni haƙuri ba, bai ma zauna ba. Ya zagaya bayan ɗakin, ya dawo ya ce wa mijina magudanar gidan ta karkace, ya karɓi shebur ya gyara ta, ya tafi. Na daɗe kafin in gane cewa haƙurin ke nan ya bayar.

Labarin saniya kuwa a wurin zaman makoki na ji shi cikakke, daga bakin mai ita, wani dattijon Bafulatani da ya nemi a kira masa babbar ɗiyar mamaci a bakin zaure. Ya ce wani rani ne, tafki ya janye, samansa ya bushe ya yi ɓawo, ƙasansa kuwa laka ce zalla. Saniyarsa mai ciki ta bi ƙanshin ruwa ta fasa ɓawon, ta lume har ƙirji. Sun ja da igiya, igiya tana neman shaƙe ta. Duk wanda ya matsa kusa shi ma lumewa yake yi. Rana ta take, saniya ta fara sa kai ƙasa. Sai ya jiyo ƙugin inji daga nesa, ya bi sautin a guje, da tsufansa.

"Ban san shi ba, bai san ni ba," in ji dattijon. "Na ɗaga sanda kawai. Ya kashe inji ya saurare ni, yac ce in shige gaba."

Baba ya tako da Agwagwa kan wannan laka da ta gagari mutum, a hankali, har ya iso. Dattijon ya ce da ya ga haƙoran bokiti sun nufo saniyarsa sai ya runtse ido. Amma Baba bai taɓa ta ba. Gefenta ya haƙa, dama da hagu, ya yi ta kwashe laka har ta sake ta. Sannan masuncin ya kwanta kan katako ya ja jiki, ya zura faffaɗan tamfol ta ƙarƙashin cikinta, aka rataya a bokiti. Baba ya ɗaga ta kaɗan-kaɗan, yana tsayawa tana numfashi, har ya dire ta kan tudu. Bayan sati biyu ta haifi maraƙa.

Dattijon ya kai masa rago, Baba ya ƙi karɓa. Ya ce abin da yake so shi ne su riƙa gaya masa inda ƙasa ke cin ƙafar shanu, don sun fi kowa sani. Kafin ya bar wannan gefe kuma ya fafe musu mashaya mai gangare a inda ƙasa ke da tauri. Dattijon ya ce har yau a nan suke shayarwa. Ya goge ido da bakin rawani ya juya, bai jira na gode masa ba.

Yanzu sai in zo kan abin da matar nan ta faɗa a bayana, don gaskiya ta faɗa.

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar mahaifinsu, kuma shi ke noma gonar gado da ke fadama. Wata damina, shekara huɗu ke nan, aka jera kwanaki ana ruwa, gulbi ya tumbatsa, ruwa ya zo ya kwanta a shiyyar gangare ya ƙi tafiya. Gidajen can na ƙasa ne. Mata suka fara kwaso kaya zuwa makarantarmu. A bayan unguwar akwai tsohon gulbi, wani reshe da ya daɗe da mutuwa, wanda ke ƙasa da unguwar. In an yanka hanya zuwa can, ruwan zai zurare. Hanyoyi biyu ne. Ta gefe aikin kwana uku ce. Gajerar kuwa aikin yini ɗaya ce, amma ta tsakiyar gonar Baffa za ta bi, ga shinkafa ta yi ciki. Dattawan unguwa da injiniya suka tsaya kan gajerar.

Da safe na bi matan unguwar zuwa kan tudu, na ga Agwagwa ta doso gonar. Na kuma ga Baffa tsaye a gabanta, ruwa har ƙugu, da sanda a hannu. Baba ya kashe inji. Wuri ya yi tsit, muryoyinsu suna zuwa mana ta kan ruwa.

"Direba," in ji Baffa. Ba ya kiransa haka sai ransa ya ɓaci. "Gonar wa kaka shirin yankawa?"

"Tamu ta, Yaya."

"Tamu? Yaushe rabonka da ka duƙa cikinta? Ni nad dasa ta da hannuna, gindi-gindi. Ga hanya can ta gehe, bi ta can."

"Ta can kwana ukku ta, Yaya. Ginin ƙasa bai kai kwana ukku cikin ruwa. Na zagaya da sahe, na sa yatsa ga katangar mutane ya shige."

"Ni da iyalina mi za mu ci? Laka?"

"Abin da za ni ci shi za ku ci."

"Ni nar riƙe ka. Yau kai za ka ciyad da ni?"

Baba ya sauko daga kan inji ya shiga ruwan, ya cire hula, ya tsaya gaban yayansa kai a sunkuye. Ya ce, "Yaya, ka gahwarce ni. In ka tsaya nan har la'asar, ni ma ina tsaye, ba ni bi ta kanka. Amma in ka matsa gehe, yankawa za ni yi. Ba ni yi maka ƙarya."

Suka tsaya haka. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na ciji leɓena har ya yi jini. Can sai muka ji rugugi daga cikin unguwa, katangar wani gida ta zube, mata suka ɗauki salati. Baffa ya juya ya dubi wajen. Ya daɗe yana duba. Sannan ya ratsa ruwa ya fita, bai kalli ƙanensa ba, ya ce, "Yanka."

Baba ya hau ya ta da inji. Ina kallo bokiti yana ɗago koriyar shinkafa haɗe da baƙar laka yana ajiyewa gefe. Bai tsaya ba sai don salla, a kan tanki ya yi ta. Kafin la'asar ruwa ya fara motsi, washegari ya sauka ƙasa da dokin ƙofa. Amma ɗakuna da dama sun riga sun faɗi. Ruwan kuma da ya samu hanya ya yi ta cin gefenta, ya tafi da fiye da rabin shinkafar Baffa. Ga shi daga ranar sama ta ɗauke. Shi ya sa har yau akwai masu cewa da an bi ta gefe da ba a rasa komai ba. Ni ban sani ba. Shi ma Baba bai sani ba. Wani lokaci yana tsakar cin abinci sai ya ce, "Da na san ruwan za shi ɗauke..." sai ya ajiye kwanon ya fita.

Da kaka Baba ya aika wa Baffa buhunan shinkafa, aka dawo da su a kan amalanken da ya kai su. Suna haɗuwa a masallaci, sahu ɗaya, sallama kawai ke haɗa su. Kowane rani Baba yakan kai Agwagwa ya daddale gefen hanyar ruwan kada ta ƙara cin gonar, ya watsa baƙar lakar da ya kwaso a inda ƙasa ta zaizaye. Baffa in ya ji ƙugin inji sai ya saɓa fartanya ya koma gida. Mu 'ya'yansu muka rasa yadda za mu yi, muna gaisawa a ɓoye kamar marasa gaskiya.

Ƙarshen ranin bana, yana saukowa daga kan inji, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Masuncin ne ya ɗauko shi a jirgi. An kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya, aka dawo da shi gida harshe ya yi nauyi. Ban taɓa ganin azaba irin ta kwanciyar nan ba. Idonsa kullum a ƙofa. Hannunsa na dama yana ta motsi kan bargo, gaba da baya, kamar yana riƙe da libar inji. In ya ji tsawa sai ya yunƙura zai tashi, sai mun danne shi.

Ranar Litinin da safe Baffa ya yi sallama. Shekara huɗu rabonsa da gidanmu. Daga gona yake, ƙafarsa duk laka. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ya wuce ta ya zauna bakin gadon. Muka miƙe za mu ba su wuri, ya ce mu zauna. Ya daɗe yana kallon hannun nan mai motsi, sannan ya ɗora nasa a kai.

"Direba," ya ce, amma ba da muryar ranar nan ba. "Hanyar ruwan da kay yanka, ba miƙe take ba. Tsakiya ta yi gwiwa."

Baba ya zuba masa ido.

"Injiniya miƙe yac ce a yanka, da kunnena naj ji. Kai kal lanƙwasa ta, kaƙ ƙara ma kanka aiki, kab bar kusurwar da nika dasa jar shinkafar tsohonmu. Irin da babu mai shi garin ga sai mu." Ya ci gaba da cewa, "Tun rannan nag gani. Ina bisa tudu nag ga bokiti ya kauce. Haushi yah hana ni hwaɗi. Irin na nan, bai ɓace ba. Bana ma shi za ni dasawa."

Baba ya buɗe baki. Ya yi ƙoƙari sau biyu, na uku kalma ɗaya ta fito: "Yaya."

"Na'am," in ji Baffa. "Na'am, ƙanena. Ina nan."

Bai tafi ba sai azahar. Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. Baffa ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Bayan an watse na tambayi Inna ko ta san zancen kusurwar nan. Ta girgiza kai ta ce, "Bai hwaɗa min ba. Ko da wasa bai hwaɗa ba. Shi in yay yi abu, ba ya tsayawa a gani."

Ya Allah, Ka jiƙan Baba. Inda ya yanka ba daidai ba Ka yafe masa, inda ya kauce Ka karɓa. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka ba Inna da Baffa haƙurin rashinsa. Mu kuma da ke baya, ranar da tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.